Binciken Asalin Gidan Lister

Lahadi, 14 ga Afrilu, 2024

Yau 'yata Nimatu ta kawo shi gida. Dogo ne siriri, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa ba a ce masa ba. Sunansa Daniel Lister, amma tun da ya musulunta yana jami'a ake kiransa Dawud. Tun kafin ya san Nimatu ke nan, kuma wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don ni musuluntar da ake yi saboda mace ba ta cika kwanta mini a rai ba. Lissafi yake koyarwa a wata sakandare.

Uwarta Mero ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci da hannu, ya ɓata hannun rigarsa, bai damu ba. Da magariba ta yi na tura shi gaba don in ji karatunsa. Fatiharsa ta fi ta wasu mutane da na sani a Kano, waɗanda ba zan rubuta sunansu a nan ba.

Na nemi abin kushewa iya nemana, ban samu ba. Alhamdulillahi. Saura Yaya.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na kira Yaya Masawudu bayan an sauko daga masallaci, kamar kowace Juma'a. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba ina ƙarami, shi ya yi mini aure, shi ya zaɓa wa Nimatu suna ta waya daga Kano. A gidanmu na Koki uba ba ya bayar da 'yarsa da kansa, babban wa ne yake bayarwa, kuma a zauren Baba ake ɗaurawa. Ba a taɓa yin wani abu dabam ba.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ɗan gidan wa ne? Mece ce sana'ar gidansu? Kakansa wane ne?"

Na ce, "Yaya, Bature ne fa."

Ya ce, "Baturen daga sama ya faɗo? Mijinyawa, ba na bayar da 'yata ga wanda ban san asalinsa ba. Ka je ka yi bincike yadda ake yi."

Da na gaya wa Nimatu sai ta ce, "Baba, it's just a surname." Na ce mata a wurin Yaya babu wani abu mai suna just. Ta ce za ta jira har bayan babbar Salla. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, amma na san yarinyar nan, ni na haife ta. In Yaya ya ƙi, to abu biyu ne a gabana: ko in bayar da ita da kaina in saɓa wa mutumin da ya rene ni, ko in zuba ido ta je masallaci wani da ban sani ba ya bayar da ita. Duka biyun ba na so.

Talata, 23 ga Afrilu

Wurin aiki shiru. Tun gashina yana baƙi nake tsaron ƙofar gidan benen nan na Marylebone a Landan, ina gaishe da Turawa da sunayensu safe da yamma, ban taɓa tunanin sunayen suna da wata ma'ana ba. Ta ina ake fara binciken asalin Bature?

Asabar, 27 ga Afrilu

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba a ƙasar nan.

A Kano ba a tambayar mutum asalinsa. Maƙwabta ake bi a ɓoye, a ji halin gidan, a ji ko akwai hauka ko farfaɗiya ko sata a dangi. Uban Dawud ya rasu, uwarsa Margaret tana zaune ita kaɗai a Nunhead, nan kusa da mu a Peckham. Sai na ɗauki abokina Gariba, ɗan zangon Kumasi mai tuƙa bas, na ce ya raka ni, don bincike ba a yin sa mutum ɗaya. Na saka farin kaftani da hula mai kyau don a ga mutunci.

Gida na farko, wata mata ta buɗe ƙofa kaɗan ba ta cire sarƙar ƙofar ba, ta ce ba ta sayen komai. Gida na biyu wani tsoho ne da kare. Ni na fara da gaisuwa, ina lallaɓawa, ina tambayar ko ya daɗe a layin. Gariba bai da haƙuri. Ya ce, "Sir, this Lister family, any madness?" Tsohon ya dube mu sama da ƙasa, ya rufe ƙofa.

Muna gida na huɗu sai Gariba ya ja mini hannun riga. "Alhaji, tsohuwan nan ya gane ka. Mu gudu." Na waiwaya, ga wata 'yar tsohuwa da tabarau tana tahowa da waya a hannu. Ashe mutanen layin suna da zauren WhatsApp, har an saka hotonmu a ciki. Margaret ce, ta san fuskata a hotunan da Nimatu ta nuna mata.

Ta ce, "Mr Mijinyawa, ashe kai ne. Ku shigo kafin a kira muku 'yan sanda."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta dafa mana shayi, na yi mata bayani ina in'ina. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Can sai na lura dariyar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba. Ta ce tun rasuwar mijinta Raymond babu wanda ya taɓa tambayar ta labarin danginsa, ko ɗanta bai cika tambaya ba. Ta ce mu zauna, yau ta sami masu ji.

Sauran gobe. Na gaji.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Bari in rubuta kafin in manta, don Yaya zai yi mini tambayoyi kamar alƙali.

Lister ma'anarsa marini. Mai rini! Margaret ta ce tsohuwar kalma ce, tushenta daga bakin mutanen arewacin Turai da suka shigo ƙasar nan ta teku tun zamanin da. Wai da can su ma suna ɗaya gare su, sai a haɗa da sana'a don a bambanta, yadda muke cewa Tanko wanzami ko Audu maƙeri. To bambancin shi ne nasu ya manne. Kusan shekara ɗari bakwai ke nan. Jika ya bar sana'ar, ya zama likita ko ɓarawo, sunan yana biye da shi. Da haka ake yi a wurinmu, da ni yanzu Mijinyawa Maiyadi nake, ga ni ban taɓa auna ko kamu ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, sana'a ɗaya ce amma kowane yanki da yadda yake kiranta. A kudu marini Dyer ne, a tsakiyar ƙasa Dexter, a arewa Lister. Kana jin sunan ka san ta inda mutum ya ɓullo, kamar yadda tsaga take nuna mutum a wurinmu. Har yau sun fi yawa a Yorkshire, wajen Bradford da Leeds, inda ake aikin ulu. Wasu sun watsu Ostireliya da Kanada da Amurka. A Landan ba su da yawa. Na ce mata ashe su ma 'yan Arewa ne, baƙi ne a nan kamar mu. Ta ce Raymond har ya mutu yana ƙorafin shayin Landan.

Yawancinsu, in ji ta, sun manta da rini tun tuni. Amma surukinta Harold, kakan Dawud, a masana'antar rini ya yi aiki kusa da Bradford har ƙarfinsa ya ƙare. Ta nuna mini hotonsa ranar bikinta, ya sha kwat da furen ƙirji, hannuwan nan kuwa sun rine har wuyan hannu. Ta ce babu sabulun da bai gwada ba.

Na daɗe ina kallon hoton. Baba yadi yake sayarwa a kasuwar Kurmi, ina yaro yakan tafi da mu Kura wurin marina. Na san hannuwan nan. Da irinsu aka riƙa ba ni gyaɗa.

Ta ƙara da cewa a farkon farko mata masu rini ake kira da kalmar, daga baya ta haɗa da maza. Wannan kam ba sai Yaya ya ji ba.

Allah ya saka wa matar nan da alheri. Na je mata da leƙen asiri, ta sallame ni da biredin da ta gasa da hannunta.

Juma'a, 3 ga Mayu

Yaya ya yi murna! Na ji a muryarsa.

"Marina? Ai marina mutanen amana ne. Baba yakan bar musu farin yadi na dukiya mai yawa ya yi tafiyarsa, bai taɓa rasa ko ƙyalle ba." Ya sa na maimaita masa maganar hannuwan kakan har sau biyu. Ya ce jinin masu sana'a jini ne mai kyau, ba a samun malalaci a cikinsu. Ya tsayar da rana, Asabar ta biyu bayan babbar Salla, a zauren Baba. Dawud zai naɗa wakili a can.

Na sauko daga bas a Rye Lane ina tafe ina murmushi ni kaɗai, har mai kifi ya tambaye ni ko an yi mini ƙarin girma ne. Na gode wa Allah. Ban zaci abin zai zo da sauƙi haka ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Mero ta ja Margaret kantin leshi. Sun dawo suna dariya, Mero da Turancinta na kasuwa, Margaret kuma da "sannu" ɗaya tak da ta iya, tana yi wa kowa har mai gadin kanti. Ta ci ƙosai da yaji, fuskarta ta yi jajir, ta ƙara.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Margaret ta zo cin abincin rana. Ni da bakina da ba ya shiru, na hau ba ta labarin yadda Yaya ya yaba, ina fassara mata maganar jinin masu sana'a kalma bayan kalma, ina jin daɗi. Na ga ta ajiye cokali. Ban kawo komai a raina ba.

Da za ta tafi ta ce in raka ta tashar bas. Muna tsaye sai ta ce, "Na zaci sunan kake tambaya. Ashe jini kake tambaya."

Raymond ba Harold ne ya haife shi ba. Wata yarinya ce ta haife shi ba aure, a irin gidajen da ake kai 'yan mata su ɓuya a wancan zamani. Harold da matarsa ba su taɓa haihuwa ba, suka ɗauke shi yana jariri, suka ba shi sunansu. Uban da ya yi cikin, babu wanda ya taɓa sani. Raymond ya nema da ya girma, bai samu ba.

Ta ce, "Ka zo ka yi tambaya tsakani da Allah, ba zan bar ka ka tafi da rabin amsa ba. In wannan zai ɓata komai, gara ya ɓata yanzu." Bas ya zo, ta shiga. Ko sai an jima ban ce mata ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Nimatu ta sani tun da daɗewa. "It wasn't my story to tell, Baba." Na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun tana 'yar firamare. Ta tsaya ta ji, ba ta yi kuka ba, ta shiga ɗaki.

Mero ta ce, "Malam, wa zai gaya wa Yaya? Ina Bradford ina Koki? Ka yi shiru kawai a ɗaura." Gariba kuma da na kira shi ya ce, "Alhaji, a zango in ka tona asalin kowa, babu wanda zai yi aure. Ka bar tsohon magana ya kwanta."

Kowa yana ganin Yaya ne matsalar. Ba su san ni ma abin yana cina ba. Akwai kalmar da ake kiran irin haihuwar Raymond da ita a wurinmu, tun jiya take yawo a kaina, ba zan rubuta ta ba. Jikokina ke nan za su taso ba a san kakan ubansu ba.

Haushin Margaret nake ji don ta faɗa. Na san da ta yi shiru na gano daga baya, da haushin ya fi haka.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na kira Yaya. Mun yi maganar zafi da rashin wuta. Ya ce ya sa an yi wa zaure fenti. Ban faɗa ba.

Talata, 28 ga Mayu

Tuwo ba ya shiga. Mero ta ce in ci ko in bari, ita ta gaji da ɗumame.

Asabar, 1 ga Yuni

Dawud ya zo shi kaɗai da hantsi. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa, dogayen ƙafafun nan ya rasa inda zai kai su.

Ya ce da ya musulunta ya karanta cewa a kira kowa da sunan ubansa, abin ya dame shi, har ya je ya tambayi malami ko ya ajiye sunan Lister. Malamin ya ce masa ai shi ubansa sananne ne, Raymond, da aure aka haife shi, sunan gida kuma ya riƙe abinsa tun da ba ƙarya yake yi wa kowa ba. Sannan ya ba ni labarin Harold. Ya riske shi yana yaro. Shi ya koya masa hawa keke, yana bin sa da gudu yana tari, don hayaƙin rini ya cinye masa ƙirji. Ya ce, "Baba, he's my grandad. Ba ni da wani." Hausar ta fito a karkace amma na ji ta.

Sai ya ce in gaya wa Baba Masawudu gaskiya. Ba ya so a ba shi Nimatu a kan abin da ba haka yake ba, ko da zai rasa ta wurin dangina.

Bayan tafiyarsa na zauna ina tunanin Harold, mutumin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Lebura ne, abin hannunsa bai taka kara ya karya ba. Yaya ya riƙe ni, Allah ya saka masa, amma ni ƙaninsa ne, in bai riƙe ni ba duniya za ta zage shi. Shi wannan babu wanda zai zage shi. Ya je ya ɗauko jaririn da kowa yake gudu, ya ce daga yau sunana sunanka. Raymond ya riƙe sunan bai ɓata shi ba, ya haifi ɗan da ya zo ya zauna a ƙasa yana roƙona in faɗi gaskiyar da za ta iya raba shi da abin da yake so. An aike ni in gano ko gidan mutanen kirki ne. To me kuma ya rage ban gano ba?

Na ci tuwo yau. Na ƙwanƙwasa wa Nimatu ƙofa na ce ta yi haƙuri da tsawar nan. Ta ce, "Ba komai, Baba," da Hausa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na faɗa wa Yaya ta waya. A kan wani benci a Regent's Park bayan an sauko Juma'a, don ban so in yi a gida Mero tana ji.

Ban rage komai ba. Na gaya masa har maganar keke.

Ya ce, "Ka san abin da kake gaya mini?" Na ce na sani, Yaya. Ya ce, "Yaron ba laifinsa ba ne, uban ma ba laifinsa ba ne, wannan na sani. Amma ba zan zauna a zauren Baba, dattawan unguwa su tambaye ni asalin ango, in buɗe baki in ce na sani ba. Kuma ba zan ce ban sani ba a wurin." Na yi ta roƙo. Ya ce, "Ban hana ba, ban bayar ba. 'Yarka ce."

Tun ranar da aka haife ta "'yata" yake cewa.

Kafin ya ajiye ya ce, "Da ka yi shiru da ban taɓa sani ba." Ban gane ko yabo ne ko zargi ba, ban kuma tambaya ba. Na ce na gode, Yaya. Da gaske nake, don bai yi mini baki ba, bai ce kada in sake kiransa ba. Na zauna a wurin na yi kuka, tsofai-tsofai da ni, agwagi suna wucewa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Salla. Bayan Idi Nimatu ta zo ta durƙusa ta yi mini barka, ba ta tambaye ni komai ba, ta tashi za ta kama wa uwarta aikin nama. Na ce ta dawo ta zauna.

Na ce mata ni zan bayar da ita. A nan Landan, a ranar da aka riga aka tsayar.

Ta dube ni. Ta san abin da wannan yake nufi, ko da take cewa al'adunmu sun yi mata yawa. Ta ce, "Baba Masawudu fa?" Na ce wannan tsakanina da shi ne. Ta kifa kai a gwiwata kamar tana 'yar yaye. Mero tana bakin ƙofar kicin da wuƙa a hannu tana share ido da bayan hannu, wai albasa ce, alhali nama take yanka.

Da yamma na taka har Nunhead da ƙullin soyayyen nama. Tun ranar tashar bas ban ga Margaret ba. Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana jiran ta ji da wace na zo. Na miƙa mata naman na ce na gode da ta gaya mini. Ta ce, "Sannu." Ba wurinsa ba ne, amma na karɓa.

Asabar, 29 ga Yuni

An ɗaura, a masallacin Regent's Park bayan azahar. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Gariba ne wakilin ango. Ya sha babbar riga ta aro, yana ta hura hanci, mutumin da ya kusa sa a kama mu a layin su angon. Margaret tana can wajen mata cikin leshi ruwan toka, Mero ta ɗaura mata ɗankwali ya zauna daram.

Da liman ya juyo ya tambayi waliyyi sai na waiwaya gefen damana, inda babba yake zama. Babu kowa sai ni. Na ce na bayar. Na halarci ɗaurin aure ba iyaka, ban taɓa sanin kalmar nan tana da nauyi haka ba. Ashe abin da Yaya yake ɗauke mana ke nan duk shekarun nan.

Kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗi da ya zama bakina ne ya faɗa.

Daga Koki babu saƙo. Na duba waya sau da yawa, har Mero ta karɓe ta ta jefa a jakarta.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na kira Yaya. Ya amsa gaisuwa, ya ce damina ta yi kyau. Bai tambayi biki ba, ban kawo ba. Da can kafin mu rabu sai na nemi shawararsa a kan wani abu, ko da na san amsar. Yau na laluba ban sami abin tambaya ba. Mun yi sallama lafiya.

Gidan ya yi faɗi ba Nimatu.

Talata, 17 ga Satumba

An cire wa Margaret yanar ido yau. Dawud yana aji, an koma makaranta, Nimatu kuma ba a ba ta hutu ba, kuma asibitin sun ce dole wani ya zo ya mayar da ita gida. Na yi musanyar aiki da abokin aikina na raka ta. A bas tana ta surutu don tsoro, wai yanzu za ta ga ƙurar da ke gidanta.

Ranar Juma'a na gaya wa Yaya za a yi mata aiki. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na karɓa, na gode.

Ɗakin jira cike yake da mutane, kowa da nasa. Na zauna da rigar sanyinta da jakarta a cinyata, ina jan carbi, ina roƙon Allah ya sa hannun likitan ya yi daidai. Can wata nas ta leƙo ta ce, "Family for Lister?"

Sai na gan ni a tsaye.

Ai dole wani ya tashi, kuma ni ne riƙe da jakar. Nas ɗin ta dubi hulata, ta dube ni, ta ce, "This way, Mr Lister." Da sauri take, ga mutane suna jira, ba lokacin dogon bayani ba ne.

Ban gyara mata ba.